Ƴata ta ce gashinta mummuna ne: littafi zai taimaka?

Wata malamar jardan daga Damagaram ta aiko da tambaya: "Ƴata shekararta shida, tana ajin CI, ajin farko na firamare. Duk ranar tsifa sai ta yi kuka, kwanan nan kuma ta fara cewa gashinta mummuna ne, ita irin na ƴar tsanarta take so, mai santsi har gadon baya. A ajina ma ina jin yara suna tsokanar juna da gashi. Na ji ana yin littattafan yara a kan wannan a ƙasashen waje. Suna da amfani? In babu na Hausa, ni zan iya yin nawa?"

Malama, suna da amfani, kuma za ki iya yin naki. A ganinmu naki ma zai fi na waje yi wa ƴarki aiki, in kin gina shi a inda ciwon yake.

Yawancin waɗancan littattafai daga Amurka, Ingila da Faransa suke fitowa, kuma damuwar can suke magancewa: yarinya baƙa ita kaɗai a aji, kanta a buɗe, kowa yana kallo, wani ma ya kai hannu ya taɓa. Abin ya kai har jihar Kaliforniya ta yi doka a 2019 ta hana nuna wa mutum bambanci a makaranta ko wurin aiki saboda gashinsa ko kitsonsa. Tun a shekarun 1940 wasu masana biyu, Kenneth Clark da matarsa Mamie, suka ajiye wa yara baƙaƙe ƴan tsana farare da baƙaƙe, yara da yawa suka nuna farar a matsayin mai kyau. Wannan ɓangaren na ƴar tsana ya shafe mu kai tsaye, tunda ƴan tsanan roba da ake sayarwa a kasuwar Dole kusan duk gashin santsi ne a kansu. Sauran abin da ke cikin littattafan kuwa baƙo ne ga yaranmu: bahon wanka cike da kumfa a garin da ake lissafin ruwa da jarka, uba yana yi wa ƴarsa gyaran kai, yarinya tana yawo a titi da gashi a baje.

Ƴar Damagaram da hijabi ko kallabi take fita. Su wa ke ganin gashinta? Uwa, kaka, gwaggo, yayye mata, makitsiya, da ƙawayen da ke zaune a layin kitso. Ke nan maganar da ta ji ta fito daga bakin waɗanda take ƙauna, a tsakar gida, tana durƙushe tsakanin gwiwoyin babba. "Wannan kai naki sai a hankali." "Gashi kamar soso." "Ba ki gado uwarki ba." "Dubi na wance, har ya sauko kafaɗa." Ga maganar, ga zafin mataji a busasshen gashi, ga ranƙwashi in ta motsa. Yarinya mai shekara shida ba ta buƙatar a ce mata komai bayan haka. Da kanta za ta yanke hukunci cewa abin da ke sa ta kuka duk sati biyu, ake kuma yi mata faɗa a kansa, ba abin so ba ne. Littafin da zai yi aiki a nan, a kan tabarmar kitso za a kafa shi, kuma da mai karantawa yake magana kamar yadda yake da mai sauraro.

Kafin a zo ga takarda, a duba kan yarinyar da rana, a haske. Gashin da ya yi ja-ja, ya yi laushi kamar auduga, yana fita da an ɗan ja shi, alamar tamowa ce, musamman in ga rama ko kumburin ƙafa. Asibiti za a je. Da'ira mai fari-fari da gashi ya karye a cikinta makero ne, yana yaɗuwa ta mataji, hula da askar wanzami, kuma man shafawa kaɗai ba ya kashe shi a fatar kai. Likita ke ba da maganin sha na kimanin sati shida zuwa takwas. Gaban goshi da ya fara ja da baya, da ƙananan ƙuraje a bakin layi, aikin kitso mai tsauri ne. Babu labarin da zai sa yarinya ta so kan da ke yi mata ƙaiƙayi ko zogi.

Wanda zai rubuta littafin kuma ya san gashin da yake magana a kai, don kuskure a nan shi ke ɓata littattafai da yawa. Ramin da silin gashinmu ke tsirowa daga ciki a lanƙwashe yake, silin kansa kuma ba zagayayye ba ne, a ɗan shafe yake, shi ya sa yake fitowa a murɗe. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya bin duk waɗannan lanƙwashe-lanƙwashe ya kai ƙarshen sili, don haka bakin gashi yake bushewa, ya fi muni da hunturu. Kowace lanƙwasa kuma wuri ne da sili zai iya karyewa. Gashin yana tsiro, ƙasa da santimita ɗaya kaɗan a wata, amma in ana karya shi da taje a bushe, abin da ya ƙaru daga tushe shi ke zubewa daga baki, sai a ce "nata ba ya fita". Sannan ga tsukewa: ki jiƙa sili ɗaya, ki ja shi a hankali, za ki ga ya ninka tsawon da ido ke gani, wani ma ya fi haka, ki sake shi, ya koma. Wannan abu ɗaya ya isa a gina littafi a kansa, don yara suna son abin da za su gwada da hannunsu.

Ga yadda za mu tsara labarin ga ƴan shekara huɗu zuwa bakwai. Kalmomi 250 zuwa 400 sun isa, layi ɗaya zuwa uku a shafi, yarinya ɗaya, rana ɗaya, matsala ɗaya. A ce sunanta Rakiya. Ranar tsifa ce, ta ɓuya a bayan randa. Kaka ta gano ta da ƙafafunta da suka leƙo. Kaka ba ta ce mata gashinta kyakkyawa ne ba. Ta aike ta ta ɗauko busasshen karkashi da ƙwarya. Suka jiƙa, ya yi yauƙi, Rakiya ta tsoma yatsa tana dariya. Kaka ta raba gashin gida huɗu, ta shafa, ta fara warwarewa da yatsu daga baki. Sai ta kama sili ɗaya ta ja, ya sauko har kunne, har haɓa, ta sake shi ya koma. A nan amshin zai shigo, irin na tatsuniya, wanda yara za su kama tun karatu na biyu:

"Na ja shi, ya miƙe,
na sake shi, ya koma gida."

Ya dawo sau uku ko huɗu a cikin littafin. Bayan haka Rakiya ce za ta zaɓi kitson da take so, shuku ko kalaba ko zane, don zaɓin nan shi ne zuciyar labarin: kanta ne, an tambaye ta. Sai wata yayarta ta wuce ta sake jefa mata tsohuwar maganar, "mai kan soso". Kada a cire wannan shafi. Yarinya ta san tsokana ba ta ƙarewa don an yi mata kitso, kuma abin da take buƙata shi ne amsar da za ta iya riƙewa a bakinta. Rakiya ta ja silinta ɗaya ta ce, "Naki ya iya haka?" Shafin ƙarshe, tana zaune da ƙanwarta a tsakanin gwiwoyinta, ta fara daga bakin gashi.

Akwai ramuka huɗu da masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Mafi yawa shi ne a ƙare labari da gashi ya yi tsawo har kowa yana mamaki. Wannan ya tabbatar wa mai gajeren gashi cewa dama gajartar ce laifin. Gashin Rakiya a shafin ƙarshe ya zama shi ne na shafin farko. Na biyu, a mai da mai gashin santsi muguwa. A aji ɗaya a Damagaram akwai ƴaƴan Hausawa, Barebari, Fulani, Buzaye, Tubawa da Larabawa, kowa da irin nasa. In littafi ya ɗaga ɗaya ta hanyar taka ɗaya, an dai sauya wadda za ta yi kuka ne. Na uku, kalmar "amma": "baƙa ce amma kyakkyawa", "gajere ne amma yana da kyau". Yaro yana jin abin da ya zo kafin "amma" fiye da abin da ya biyo bayanta. Na huɗu, wa'azi. Da zarar babba a cikin labari ya tsaya ya yi jawabin layi biyar a kan yarda da kai da godiya, yaran sun tafi. Ki bar hannun Kaka ya yi maganar.

Maganar addini tana da muhalli, kuma mai ƙarfi. Suratut Tin ta ce an halicci mutum a mafi kyawun tsari. Aya ta 22 a Suratur Rum ta sa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da sunayen banza, har ta ambaci mata daban. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa wanda yake da gashi ya girmama shi. Sai dai kada a buga nassin Larabci a littafin da zai kwana a ƙasa, a zauna a kansa, ƙaramin yaro ya sa a baki. A sa ma'anar da Hausa a shafin iyaye, ko uwa ta faɗa da bakinta bayan an rufe littafi.

Harshe kuwa, ki rubuta da Hausar da ƴarki ke ji a gida, da ƙa'idar rubutun da Nijar ta tsayar a 1999, wadda ke rubuta ƴa da ƴaƴa da harafin ƴ. Ba sabon abu za ki fara ba: a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a dokance. In kina son Faransanci saboda lakwal, ki sa shi a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe, Hausa a sama. Ki karanta kowace jimla da ƙarfi kafin ki amince da ita; wadda ta sa ki tuntuɓe, ko kika ja numfashi a tsakiyarta, ta yi tsawo. Sunayen abubuwa su zama na gaskiya: tsifa, taje, mataji, tsinken kitso, man kaɗe, man shanu, kallabi.

Zane ya fi rubutu wuya, kuma a nan za ki kashe lokaci. Mai zane da ya koyi hannu daga katun na talabijin, in ba a tsaya a kansa ba, zai zana miki yarinya mai jan fata, siririn hanci, da gashi kamar baƙin gajimare ba fasali. Ki zaunar da shi ya kalli kitso na gaske, da izinin masu shi: yadda tsaga ke tafiya, yadda layi ke farawa siriri a goshi ya yi kauri, ƙananan gashin da ke tsaye a ƙeya, yadda rabin kai ke a tsefe rabi a kitse. Ya zana gashi da ƙananan murɗe-murɗe, ya bar farin fili a tsakaninsu. Dalilin na aiki ne: injin fotokofi yana mai da duk wani launi mai duhu baƙi ƙirin, sai fuska ta ɓace, ido da haƙora kaɗai su rage, kuma irin wannan hoto shi kansa abin tsokana ne. In baƙi da fari za a buga, a yi zanen layi, a nuna duhun fata da siraran layuka ko ɗigo-ɗigo, a gwada shafi ɗaya a injin da za a yi aikin da shi kafin a zana sauran. Kan Rakiya ya kasance a buɗe a cikin gida tsakanin mata, in ta fita ƙofar gida a ɗaura mata kallabi; haka rayuwa take, haka kuma iyaye za su karɓi littafin ba gardama. Bango na ƙasa, randa, tabarma, turmi, inuwar darbejiya, ko ƙofar zaure mai zane irin na unguwar Birni a bangon littafi, duk suna gaya wa yarinya cewa gidansu ne.

Ga haɗawa. Shafi 24 ya dace: takardar A4 guda shida, a buga gaba da baya, a ninke biyu. Adadin shafuka dole ya rabu da huɗu, don kowace takarda shafi huɗu take bayarwa. Shafi na 1 suna, na 2 zuwa 23 labari, wato buɗi goma sha ɗaya na shafi biyu-biyu, na 24 na iyaye. Wurin jerawa mutane ke rikicewa: takardar farko tana ɗauke da 24 da 1 a gaba, 2 da 23 a baya; ta biyu 22 da 3, sannan 4 da 21. Duk shafuka biyu da ke gefen juna, in kin haɗa lambarsu 25 za ta ba ki, in ba haka ba an yi kuskure. Ki fara ninke farar takarda ki rubuta lambobin da hannu, ki warware ki gani. Manhajar Bloom ta SIL, wata ƙungiya mai aiki a kan harsuna, kyauta ce, don irin wannan aiki aka yi ta, kuma tana jera shafukan da kanta. Baƙaƙen Andika, su ma kyauta, suna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma harafin a nasu irin wanda yara ke rubutawa a allo ne. Girman baƙaƙen ya zama lamba 20 zuwa 24. Ki kai wa mai bugawa a PDF. In kika kai fayil ɗin Word, kwamfutarsa kuma ba ta da baƙaƙen, duk ƙ da ɗ za su koma akwatuna ko su canja siffa.

Takarda mai nauyin giram 80 tana nuna zanen baya ta gaba; 100 zuwa 120 ta fi. Bango ya zama kwali mai giram 200 zuwa 250, a rufe shi da leda. Bugun leza ya fi na tawadar ruwa, wadda ɗigon ruwa ko jiƙaƙƙen yatsa ke narkarwa. Maimakon ƙusar sitefila mai tsatsa da tsaga yatsa, ki ɗinke: huda uku a tsakiyar ninki, zare mai ƙarfi kimanin santimita 60, ki shiga ta tsakiya daga ciki, ki dawo ta sama, ki tsallake zuwa ƙasa, ki sake shigowa ta tsakiya, ki ƙulle a kan dogon zaren. A ajiye a akwatin ƙarfe saboda gara da ƙura. Kafin ki buga da yawa, ki yi kwafi ɗaya ki karanta wa yara biyar ko shida da ba naki ba. Inda suka fara waige-waige, a rage, inda suka tambayi "mene ne wannan?", zanen bai fito ba. Ki leƙa dandalin African Storybook ma, akwai labaran Hausa kyauta, za ki ga yadda ake raba magana da hoto a shafi.

Shafi na 24 shi ne wanda zai sa littafin ya zama gaskiya ko ƙarya, don in an karanta wa yarinya cewa Kaka ba ta sa Rakiya kuka ba, gobe kuma aka fizge nata a bushe, ta gane labari daban, rayuwa daban. A rubuta shi gajere, da murya mai girmama iyaye. Kada a taje gashi a bushe. A jiƙa tafi ɗaya na karkashi a rabin lita na ruwan ɗumi kamar minti goma sha biyar, a tace, a shafa. Wannan ba ya cin ruwa da yawa. A raba kai gida huɗu zuwa shida, yatsu su fara, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa tushe, ɗayan hannun yana riƙe da gashin kusa da fata. Ruwa ke fara shiga, mai ya biyo baya, don man kaɗe riƙe danshi yake yi, ba ya kawo shi. In kitso ya ɗaga girar yarinya, ko ta kasa sa goshi a ƙasa, ko ta kasa barci, a warware layin gaba a daren. Kitso ya yi sati biyu, in ya daɗe uku, a riƙa sauya wurin tsaga, a bar gashin doki da tarin duwatsu masu nauyi. Kada a sa hijabi a kan jiƙaƙƙen kai. Gashin da ke taruwa a mataji ranar tsifa kuma kada ya tsorata kowa: mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kitso ne ya riƙe na sati biyu ya sake su lokaci ɗaya.

Man miƙar da gashi ya samu layinsa a wannan shafi. Mai ƙarfin cikinsa soda ce, irin wadda mata ke dafa sabulu da ita, waɗanda aka rubuta "na yara" a kwalinsu kuma ƴan'uwanta ne a ƙarfi. Yana karya ginin sili har abada, yana iya ƙona fata, bayan sati shida zuwa takwas sabon tsiro ya fito a murɗe, gashin ya riƙa karyewa a mahaɗar. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2022, a kan mata manya sama da 33,000, ya sami alaƙa tsakanin yawan amfani da shi da kansar mahaifa. Ba za mu ba da shawarar a sa wa yarinya ba, ko da sallah ce.

Lokacin karantawa ma yana da tasiri. Kada ki fito da littafin tana tsakiyar kuka, za ta ɗauke shi wani salon rarrashi. Ki karanta da dare, kwana biyu ko uku kafin tsifa, ita ke juya shafi, ki bar ta ta ja silinta a wurin amshi. Ranar tsifa ki ba ta ta riƙe yayin da kike aiki. A aji kuwa, kada a ce wata ta cire kallabi don a yi misali da ita, kada kuma a kira sunan wadda ake tsokana; ulu baƙi da aka naɗe a jikin fensir aka zare ya isa ya nuna murɗewa da komawa. Yara maza su zauna a karatun, don da yawan tsokanar daga bakinsu take fitowa, su ma kuma ana yi musu ita ranar da aka yi musu ƙwal.

Ƴar tsanar nan kuma kada ki ƙwace ta, za ta ƙara mata daraja ne. Ki samo baƙin zaren ulu, ku zauna tare ku yi wata ta tsumma, ku ɗinka mata gashi gajere mai yawa wanda zai kitsu, ita ta zaɓi kitson, ta kuma raɗa mata suna. In gwaggo ko makitsiya ce mai kushe gashin nata, ki miƙa mata littafin ki ce, "Gwaggo, don Allah karanta mata, ta fi son muryarki." In ba ta karatun boko, ki karanta ke, tana zaune tana ji.